Akwati Uku a Bayan Bargo

Tun da Nuzhat ta tsaya a bakin shagon, Tauseef ya san ta yi kuka a hanya. Bai tambaye ta ba. Ya ajiye ƙarfen narka dalma, ya share kujerar roba da gefen rigarsa, ya turo mata.

Shagon nasa na kasuwar Hall Road can ƙarshen wani lungu yake da rana ba ta shiga. Rediyoyi da amfilifayoyin mutane ne jibge har rufi, kowace na jiran ranarta. A waje hayaƙin sanyin Lahore ya rufe gari tun safe, har masu babura sun kunna fitila da rana tsaka.

"Phuppo ta zo," ta ce. "Da jakunkunanta ta zo, Tauseef. Ta ce ba za ta koma Faisalabad ba sai Abbu ya ba ta amsa."

Phuppo Kishwar ƙanwar Abbu ce, wato mahaifin Nuzhat. Ta daɗe tana nema wa ɗanta Sarmad auren Nuzhat, ita kuwa Nuzhat tana zillewa. Ta fake da karatu, ta gama ta fake da aikin koyarwa, daga baya ta fake da rasuwar mahaifiyarta. Yanzu abin fakewa ya ƙare. Sarmad ya sauka daga Doha inda yake aiki, hutunsa kuma ba mai tsawo ba ne.

"Baig Sahib me ya ce?"

"Ka san Abbu. Tabarau kawai yake ta gogewa. Ita ce dai ba abin da ba ta faɗa ba. Wai 'yar dangin Mirza za ta ƙare a saman shagon tela. Wai idan na haihu almakashi za a ba yaron ya yi wasa da shi."

Tauseef ya sunkuyar da kai. "Ai babana tela ne. Ba ƙarya ta yi ba."

"Don Allah kar ka yi min wannan sanyin naka yau!" Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Ni kaɗai nake faɗa a gidan nan. Ni kaɗai. Na gaji, Tauseef. Jiya har ranar aure take lissafawa a gabana, kamar ni kujera ce a ɗakin."

"Yi haƙuri. Faɗa min abin da zan yi."

Ta share ido da bakin mayafinta. "Maganar gobe ce."

Ya gane. Mirza Ishtiaq Baig, mahaifinta, a gidan rediyo ya yi aiki har ya yi ritaya, shi ne mai kula da sauti. A duniya ba abin da ya rage masa sai ɗakinsa na sama, da manyan lasifiku biyu na katako, da tsohuwar amfilifaya. Gyaran wannan amfilifayar ne ya fara shigar da Tauseef gidan. Tauseef ne kuma ya kwashe tsofaffin kasa-kasan gidan ya zuba su cikin kwamfuta kafin su lalace, har da wanda Ammi, wato marigayiya Shahida mahaifiyar Nuzhat, ta yi waƙa a wani biki.

Sai dai idan aka haɗa kwamfutar kai tsaye da amfilifaya, sautin fitowa yake a shaƙe. Dole sai an sa ɗan akwatin nan a tsakani, wanda 'yan kasuwa ke ce wa dak, mai karɓar waƙa daga kwamfuta ya mayar da ita sautin da amfilifaya ke so. Baig Sahib ya ce wa Tauseef ya kawo masa masu sauƙin kuɗi ranar Lahadi ya saurara ya zaɓi ɗaya.

"Sarmad ya ji labari," in ji Nuzhat. "Shi ma ya zo da nasa daga Doha. Fari, mai fitilu. Phuppo ta mayar da abin gasa. Ta ce gobe za a ga wanda ya san darajar gidan nan."

"Akwati ne fa, Nuzhat. Ba a ɗaura aure da akwati."

"Kai ne ba ka san Phuppo ba. Abu ɗaya Abbu yake kare ka da shi: ya ce ka san aikinka. Idan ya zaɓi na Sarmad a gabanta, za ta ce to ga shi, ko a ɗan abin da ya iya ɗin ma an fi shi. Da me Abbu zai amsa mata?" Ta miƙe. "Ka sa ya zaɓi naka. Ko ta wane hali. Ban taɓa roƙon ka komai ba."

Ta fita. Ya bi ta da kallo har hayaƙi ya haɗiye ta.

Ranar bai ƙara taɓa aikin kowa ba. Ya zagaya shagunan abokansa ya aro akwatuna, ya dawo ya jera su a benci yana saurara ɗaya bayan ɗaya. Wani murya na fita da kaifi kamar ana karce faranti. Wani kuma ganga na fita da nauyi amma tana danne mai waƙa. Akwai wanda da an taɓa wayarsa sai ya yi ƙwat, wannan ko kunne bai ba shi ba. Daga ƙarshe ya ware biyu: wani ɗan ƙarami kamar akwatin ashana, mai shan wuta daga jikin kwamfuta, da wani baƙi mai nauyi da ke da wayar wutarsa daban. Baƙin ne ya kwanta masa. Ba ado a jikinsa, fitila ɗaya ce ja, amma muryar mace na fita a cikinsa da ɗumi.

Ya naɗe su cikin tsohon tawul ya yi addu'a.

*

Ranar Lahadi bayan azahar ya hau benen gidan na unguwar Samanabad da jakarsa a kafaɗa.

Baig Sahib na zaune a kujerarsa ta tsakiya, ya lulluɓa da mayafin ulu. Phuppo Kishwar ta baje a doguwar kujera tana ɓare gyaɗa. Sarmad na tsaye bakin taga da waya a hannu, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin.

"A'a, ga ustad, sarkin gyara, ya iso!" in ji Sarmad yana dariya, ya juya wajen kawunsa. "Mamu, ka ga a tawul ya naɗo su kamar jarirai. Sannu ustad ji. Ka taho da ungozoma?"

"Sannu da hutu, Sarmad Sahib. Ya hanya?"

Phuppo ba ta amsa sallamarsa ba. Ta dubi takalminsa ta dubi yayanta. "Bhai Jan, a ce masa ya yi hankali da darduma. Ta marigayiya ce."

"Kishwar, ya fi ki sanin dardumar nan," in ji Baig Sahib. "Zo, ɗana. Ka san yadda nake yi."

Tauseef ya sani. Tsohon yana da ƙa'idarsa tun daga gidan rediyo: ido ba ya saurare. Wanda ya ga akwati mai ƙyalli, kunnensa zai bi idonsa. Don haka aka ɗaura igiya daga ƙusar kalanda zuwa ƙofar kabad, aka rataya bargo ya rufe teburin da amfilifaya take. Masu saurare a gaba, mai canza wayoyi a baya.

Ƙa'ida ta biyu ta fi ta farko tsanani. Kowane akwati da ƙarfin da yake fitarwa, wani ya ɗan fi wani. To duk wanda ya fi ƙara, ko da ƙanƙani ne, kunne zai ce shi ya fi daɗi. Sai an daidaita su tukuna. Tauseef ya durƙusa ya saki wani dogon sauti mara hawa da sauka, ya ɗora mitarsa a bayan lasifika, ya murɗa maɓallin ƙara har allura ta tsaya wuri ɗaya. Ya manna ɗan salatif a jikin amfilifaya daidai inda maɓallin ya tsaya. Haka ya yi wa dukkan ukun, nasa biyu da na Sarmad, kowane da alamarsa.

"Wannan kukan fa?" in ji Phuppo tana toshe kunne. "Shi ne waƙar?"

"Awo ake yi," Sarmad ya ce wa uwarsa. "Gadon gida ne. Baban yana auna wando, ɗan yana auna iska."

Ta yi dariya har da buga cinya. A bayan bargo Tauseef ya ci gaba da manna salatif. Kunnuwansa ne kawai suka yi zafi.

"Na shirya, Sahib."

"Sa kiɗan gangar tabla."

Ya fara da ɗan ƙaramin. Ba a yi nisa ba Baig Sahib ya ɗaga hannu. "Akwai sauro a bayan wannan. Ina jin zizar kwamfuta. Cire shi, ba na gidan nan ba ne."

Ya sa na Sarmad. Tun da makaɗin ya sauke yatsa a fata, Tauseef ya gane ya haɗu da wanda ya fi nasa. Sautin ya fito fes. Ana jin bugun, ana jin inda ya mutu, ana jin shirun da ke tsakani.

Sannan ya sa baƙin. Da daɗi, ba laifi. Amma shi da kansa ya ji bambancin.

"Na biyu," in ji Baig Sahib. "Na ukun ma mutum ne, sai dai kamar an sakaya masa siririn labule. Jujjuya su, ka sa gogen sarangi."

Tauseef ya sauya jeri, ya fara da baƙin wannan karon. Tsohon ya saurara ido rufe har ƙarshe, bai yi gaggawa ba. Ya sake zaɓar na Sarmad.

Ba wanda ya san haka a ɗakin sai Tauseef.

Nuzhat ta shigo da tiren shayi da halwar karas. Ta ba mahaifinta, ta ba Phuppo, ta ajiye na Sarmad a kan taga ba tare da ta dube shi ba. Sannan ta zagayo bayan bargo da kofi ɗaya. Idonta ya sauka a kan teburin. Wayoyin na jikin farin akwatin, fitilunsa shuɗɗa na ci.

Ta dubi Tauseef. Ya ɗan girgiza kai, alamar ba nasa ake zaɓa ba.

Ta ajiye masa kofin. Leɓenta ne kawai ya motsa: don Allah.

"Nuzhat, shayi ake miƙawa ko hira?" in ji Phuppo. "Fito nan inda ake ganin ki."

Ta fito ta tsaya jikin ƙofa.

Baig Sahib ya daɗe yana juya kofinsa. Can ya ce, a hankali, "Tabla da sarangi na kowa ne. Ba don su nake sayen abin nan ba. Sa min na Shahida. Wanda ya kawo min ita, shi zan ɗauka."

Ko Phuppo ta ajiye gyaɗarta.

Tauseef ya fara da na Sarmad, maɓalli daidai kan alama. Hayaniyar mata ta cika ɗakin, da tafi, da 'yar gangar biki. Wata ta ce a yi shiru. Sai muryar Ammi ta taso, siririya, tana dariya a baitin farko kafin ta kama waƙar sosai. Tsohon kaset ne, da shuu ɗinsa da komai, amma farin akwatin ya fito da ita tsaf.

Ya tsayar. Ya zare wayoyi ya mayar jikin baƙin. Hannunsa ya kai kan maɓalli.

Duk Hall Road ba wanda bai san dabarar nan ba. Idan mai saye ya tsaya tsakanin kaya biyu, kai kuma akwai wanda kake so ya tafi da shi, ba sai ka yi surutu ba. Ka ɗan ƙara masa murya kaɗan, yadda ba za a ce an ƙara ba. Mai saye ba zai ce ya fi ƙara ba. Cewa zai yi ya fi rai. Tauseef ya ga ana yi tun yana koyon aiki, bai taɓa yi ba, har maƙwabtansa na tsokanar sa da cewa liman ya kamata ya zama.

Ya kai maɓallin kan alama. Ya tsaya.

Ta gefen bargo yana hango gefen mayafin Nuzhat, da yatsunta da suka damƙe katakon ƙofa.

Ya wuce alamar da faɗin ƙwayar shinkafa.

Muryar Ammi ta taso. Wannan karon kamar ta tako ta shigo tsakiyar ɗakin. Ana jin numfashin da take ja kafin kowane baiti, ana jin awarwaronta. Nuzhat ta toshe baki. Baig Sahib ya cire tabarau, hawaye na bin kumatunsa, bai share ba.

"Wannan," ya ce. "Wannan ce Shahida."

A daidai nan matan cikin kaset suka buga gangar tare, gilashin ƙofar kabad ya ɗan yi zirr, ya yi shiru.

Tsohon ya juya kansa wajen kabad ɗin. Sannan ya mayar da tabaransa.

"Sauke bargon."

Sarmad ne ya ja igiyar. Ga baƙin akwati da jar fitilarsa guda.

"Kai!" Sarmad ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Mamu, kunne ya fara tsufa ke nan. To ustad ji, ka ci. Ban hannu."

"Ci me?" Phuppo ta miƙe, ɓawon gyaɗa na zuba daga cinyarta. "Shi ya ɗaura bargon, shi yake bayan bargon, shi kuma ya ci? Bhai Jan, yaro ya ɗauko maka kaya tun daga Doha a kan cinyarsa, ka watsa masa ƙasa a ido saboda ɗan tela?"

"Kishwar, kun ce za ku gaisar da mutanen unguwar Model Town. Rana na yi."

Ta fizgi jakarta. "Zan dawo. Kuma yau zan ji amsata, ko e ko a'a." Ta bi ta gaban Nuzhat ta bangaje ta. Sarmad ya ɗaga kafaɗa ya bi uwarsa.

Nuzhat ta tattara kofuna. Fuskarta jiƙe take, amma Tauseef ya ga wani haske a cikinta da ya daɗe bai gani ba. Ta sauka da tiren.

Ya fara naɗe wayoyi.

"Bar su," in ji Baig Sahib. "Kar ka taɓa komai. Ɗauko mitarka."

Tauseef ya saki wayoyin.

"Gilashin kabad ɗin nan tun Shahida na da rai yake da sako-sako. Kullum tana cewa in gyara. Na san inda yake fara kuka, ɗana. Kaset ɗaya ka sa sau biyu. A na farko bai yi kuka ba, a na biyu ya yi." Ya nuna amfilifayar da haɓa. "Za ka auna, ko za ka faɗa min?"

Maɓallin na nan inda ya bar shi. Da ya so, zai ce hannunsa ne ya goce. Zai ce salatif ne ya zame. Tsohon ma kamar jira yake a ba shi abin da zai riƙe.

"Ba sai na auna ba, Sahib. Na ƙara."

"Kuskure?"

"A'a. Da sani."

Baig Sahib ya rufe ido. "Wanne na zaɓa a tabla?"

"Na Sarmad Sahib."

"A sarangi fa?"

"Shi ne dai."

"To sai me? Sai me idan nasa ya fi? Akwatin ne zai zauna da 'yata?" Muryarsa ba ta tashi ba, wannan ne ma ya fi ciwo. "Ka san abin da na shirya? Jiya na yanke. Na ce idan an gama sauraren nan, ko wanne aka zaɓa, zan gaya wa Kishwar ta yi haƙuri, in ce maka ka turo mahaifinka ranar Juma'a. Ta ce min ba ka da asali, ba ka da karatu, ba ka da gida. Na ce mata duk na ji, amma yaron nan zan iya juya masa baya in bar shi da abin da na fi so. Shi ke nan abin da nake da shi a kanka. Shi ya sa na sa ka bayan bargo ban sa Sarmad ba."

Tauseef ya durƙushe a kan dardumar. "Sahib, ka yafe min. Tsoro ne. Wallahi tsoron rasa ta ne."

"Da a tabla ka yi, da na yi dariya na ja maka kunne. Muryar matata ka sa wa hannu. Ka sa na yi kuka a gaban ƙanwata, ina cewa ga Shahida ta dawo, ashe yatsanka ne."

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Nuzhat ce. A kan bene ta tsaya, ta ji komai.

"Abbu, ni ce! Ni na sa shi!" Ta zube a gaban kujerar ta kama gwiwoyinsa. "Jiya na je shagonsa na yi masa kuka. Na ce ko ta wane hali. Ya ce min ba a ɗaura aure da akwati, ban ji ba. Ni za ka hukunta, Abbu, ba shi ba."

Ya ɗora hannu a kanta. "Ke kika murɗa?"

"Abbu..."

"Ke tsoro ya kama ki kika yi magana. Kowa na yi. Shi ne ya san abin da maɓallin ke yi, hannunsa kuma ya kai." Ya dubi Tauseef. "Gobe idan kana son ta ce e a kan wani abu, kana ganin za ta ce a'a, me za ka ɗan ƙara mata? Ita ba ta da gilashin da zai gaya mata."

"Ba zan taɓa ba, Sahib. Na rantse."

"Jiya da na yarda ba tare da rantsuwa ba."

Nuzhat ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka mai sauti. "Sau ɗaya ne, Abbu. Sau ɗaya tak. Kuma bai yi maka ƙarya ba da ka tambaye shi. Wannan ba komai ba ne a wurinka?"

"Abu ne. Shi ya sa ban tona shi a gaban Kishwar ba, kuma ba zan tona ba." Ya ja numfashi. "Tashi, ɗana. Cire naka. Haɗa min farin, tunda shi kunnena ya zaɓa. Ka daidaita shi yadda ya kamata, sannan ka tafi."

Tauseef ya tashi. Ya haɗa akwatin Sarmad, ya duba dama da hagu, ya mayar da maɓalli kan alamarsa daidai, ya ɓanɓare sauran salatif biyun. Ya naɗe nasa a tawul. Ya yi sallama. Tsohon ya amsa, amma bai ɗago ba.

Yana tsakiyar bene ya ji takunta a bayansa.

"Tauseef, tsaya."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Me ya sa ba ka ce kuskure ba ne? Ya ba ka hanya. Na ji shi da kunnena, ya ba ka hanya!"

"Na riga na yi masa ɗaya. Ban iya ƙara ta biyu ba."

"To ni fa? Ni ka tuna da ni?" Ta zauna a kan matakala, ta haɗa kai da bango. "Ni na kashe mu. Da bakina. Da na zauna a gida jiya, da Juma'ar nan mahaifinka na zaune a ɗakin can yana shan shayi."

Sai lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja. "Kar ki ɗauka. Gaskiya ya faɗa, hannuna ne. Ke ba ki ma san ana yin haka ba."

"Zai huce. Abbu na son ka. Ka ba shi kwana biyu, zan yi masa magana, zan sa..."

"Kar ki sa shi komai, Nuzhat. Ya isa haka."

Ta dube shi ta cikin hawaye. "To ka ji. Ba na son Sarmad, ba zan taɓa son sa ba. Amma ba zan fita daga gidan nan in bar Abbu da baƙin ciki biyu ba. Idan bai kira ka ba, kar ka kira ni. Idan ka kira zan ɗauka, kuma idan na ɗauka ban san abin da zan yi ba."

"Ba zan kira ba."

"Ka ce za ka jira."

"Ina zan je? Kin san inda shagon yake."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai muryar Baig Sahib ta sauko daga sama, a gajiye.

"Nuzhat."

"Na'am, Abbu."

"Kira min Phuppo a waya. Ki ce kar su daɗe. Ta ce yau take son amsarta."

Cikin su biyun ba wanda ya san wace amsa ce. Nuzhat ta dafa bango ta miƙe. Ta dubi Tauseef, ta dubi ƙofar sama. Ya matsa ƙasa taki ɗaya, rungume da tawul ɗinsa, don kar ta ce shi ya tsayar da ita.

Ta juya ta hau.